Hoton Titi da Kuɗin Taimako: Wiliyam Hogarth da Gidan Renon Jariran Tsintuwa na Landan, 1732 zuwa 1760



Gabatarwa

A manyan biranen duniya akwai wata al'ada da ta zauna da gindinta. Idan wata ƙungiya tana neman kuɗin gina asibiti ko na ciyar da marayu, sai ta roƙi masu zane su ba ta hotuna, ta tara masu hannu da shuni a zaure guda, a yi gwanjo, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Sau da yawa kuma abin da ke cikin hotunan nan rayuwar titi ce: 'yan talla, 'yan dako, mabarata, da yara marasa galihu. Watau ana sayar wa mawadaci da hoton talaka domin a taimaki talaka. Duk mai hankali da ya dubi wannan al'amari zai yi tambayoyi uku. Wa ke biya? Wa ake nunawa? Wa kuma yake cin moriyar cinikin?

Domin neman amsa, zan koma da ku birnin Landan na ƙasar Ingila, tsakanin 1732 da 1760, inda wani mai zane, Wiliyam Hogarth, ya gwada hanyoyi uku na mayar da hoton titi kuɗi: karɓar kafin alƙalami, da gwanjo, da ƙuri'a. Za mu ga wadda ta karɓe shi, da wadda ta kunyata shi, da wadda ta amfani jariran da aka yasar a titin da yake zanawa.

Kafin mu shiga, ya kamata a yi bayanin kuɗin zamanin. Dattawan da ke cikinmu sun san fam da sule da kwabo, domin da su aka yi ciniki a Nijeriya kafin zuwan naira a 1973. Kwabo 12 sule ɗaya ke nan, sule 20 kuma fam ɗaya. Akwai kuma wani kuɗin zinariya da ake kira gini, wanda darajarsa ta tsaya a kan sule 21 tun daga 1717. An fara buga shi a 1663, ya kuwa samo sunansa daga gaɓar tekun Gini ta Afirka ta Yamma, inda aka ɗebo zinariyar. Da gini manyan mutane ke sayen doki da hoto.

Mutumin da Birninsa

An haifi Hogarth a Landan a 1697. Mahaifinsa malamin harshen Latin ne wanda ya buɗe gidan shan gahawa, ciniki ya ƙi, bashi ya yi masa katutu, aka tsare shi a kurkukun Fleet na masu cin bashi wajen shekara huɗu. Ashe ke nan tun yana yaro Hogarth ya san talauci daga ciki. Da ya tasa sai aka kai shi koyon sana'a wurin wani mai sassaƙa ado a jikin kayan azurfa, Ellis Gamble. Daga nan ya koma sassaƙa zane a kan farantin jan ƙarfe, sa'an nan ya koyi zanen fenti. A 1729 ya auri Jane, 'yar babban mai zanen fada, Sir James Thornhill.

Wajibi ne mu bambanta abubuwa biyu, domin a kansu wannan lacca ta dogara. Zanen fenti ɗaya ne tal. Wanda ya saye shi ya rataye a gidansa, shi ke nan. Hoton bugu kuwa daban ne. Mai sana'ar yakan ɗauki farantin jan ƙarfe ya ƙarta zanen a kansa da tsinken ƙarfe mai kaifi, ko ya sa ruwan asid ya ci layukan. Sai a shafa tawada, a goge saman farantin, tawadar ta rage a cikin ramukan kaɗai. A ɗora takarda mai danshi, a matse da injin, zane ya fito. Faranti ɗaya yana iya ba da ɗaruruwan hotuna kafin ya sude, idan ya sude kuma a sake ƙarta shi. Saboda haka zanen fenti kayan mutum ɗaya ne, hoton bugu kuwa kayan jama'a.

Landan ta lokacin tana da mutane fiye da 600,000, kullum kuma baƙi na kwararowa daga ƙauyuka neman abin yi. Attajirai da matalauta suna bin titi ɗaya. Masu sayen zane na zamanin ba su ɗauki wannan titi abin zanawa ba. Abin da suke so shi ne tsofaffin zane-zanen Italiya da Faransa da Holan, waɗanda dillalai ke shigowa da su, na gaske da na jabu. Hogarth ya juya wa wannan baya, ya ɗauki titin Landan ya mai da shi gonarsa.

Hanya ta Farko: Kafin Alƙalami

A 1732 ya fitar da jerin hotuna shida masu suna A Harlot's Progress, watau Tafarkin Karuwa. Labari ne na wata yarinya 'yar ƙauye da ta sauka a Landan, wata magajiya ta tare ta tun a tasha, ta zama daɗiron wani attajiri, ta faɗa karuwanci, aka kai ta gidan horo, ciwo ya kashe ta tana da shekara 23. Dabarar da ya yi ita ce, bai kai wa masu shagon hotuna aikin ba. Ya yi shela cewa mai so ya zo ya biya tun kafin a buga, gini ɗaya kuɗin jeri guda, a ba shi rasit. An buga jeri 1,240. Ku lissafa da kanku: kuɗin ya haura fam 1,300, a zamanin da leburan gini a Landan ke samun wajen sule biyu a yini.

Amma inda aka ga zuma, nan ƙuda ke taruwa. Kafin a jima masu satar fasaha sun kwaikwayi hotunan, suna sayarwa da araha. Dokar haƙƙin mallaka ta 1710 ta kare littattafai ne kawai, ba ta ambaci hoto ba. Sai Hogarth ya haɗa kai da wasu abokan sana'arsa suka kai kuka Majalisar Dokoki. A 1735 aka yi dokar da ta ba mai ƙirƙirar hoton bugu ikon mallakarsa har shekara 14, dokar da har yanzu ake kira da sunansa. Ya riƙe jerinsa na biyu, A Rake's Progress, watau Tafarkin Almubazzari, bai sake shi ba sai ranar 25 ga Yuni 1735 da dokar ta fara aiki. Wannan jeri hotuna takwas ne na wani saurayi da ya gaji dukiya, ya ɓarnatar da ita a caca da shaye-shaye, ya shiga kurkukun Fleet ɗin nan da uban Hogarth ya zauna, ya ƙare a gidan mahaukata na Bedlam.

Muhimmancin wannan doka ga batunmu a fili yake. Ba a yin kyauta da abin da ba a mallaka ba. Sai da hoto ya zama dukiyar mai zane a idon shari'a kafin ya iya sayar da shi da daraja, balle ya sadaukar da shi ga wani aikin alheri.

Bayan haka ya ci gaba da zana titi. A 1738 ya buga Lokuta Huɗu na Yini: safiya mai sanyi a kasuwar Covent Garden, tsakar rana a bakin wata majami'ar Faransawa 'yan gudun hijira, yamma a bayan gari wajen Islington, da dare a Charing Cross. A 1741 ya buga hoton wani makaɗi da ya leƙo ta taga ya toshe kunnuwa, saboda hayaniyar mai tallar madara, da mai wasa wuƙa, da mai rera waƙar talla ɗauke da jariri yana kuka. A cikin wasu hotunan nasa ana ganin baƙaƙen fata, yawanci yara barori a gidajen masu kuɗi. Wannan shaida ce ta yadda cinikin bayi ya kai 'yan Afirka har cikin ɗakunan Landan.

Hanya ta Biyu: Gwanjo

Hotunan bugu suna kawo kuɗi, amma zane-zanen fenti na asali suna jibge a gidansa ba mai saye. Abin yana yi masa ciwo, ganin yadda ake zuba kuɗi a kan kayan waje. Saboda haka a watan Fabrairu na 1745 ya shirya gwanjo nasa na kansa, a gidansa da ke Leicester Fields, ba tare da ɗan gwanjo ba.

Tsarin da ya yi baƙon abu ne. Ya ajiye littafi, kowane zane da shafinsa. Mai so ya zo cikin watan ya rubuta sunansa da tayinsa. Ranar ƙarshe, wanda sunansa ba ya cikin littafin ba shi da damar tayi. Aka kafa agogo mai bugawa duk bayan minti biyar; da ya buga, zane na farko ya zama na wanda ya fi tayi, sai a koma na biyu. Takardar shiga gwanjon ma hoton bugu ce da ya kira Yaƙin Hotuna, inda ya nuna tulin tsofaffin zane-zanen waje sun yi sahu kamar mayaƙa suna sukar nasa. Watau ya gayyaci masu saye, ya kuma yi musu ba'a a takardar gayyatar.

Sakamakon bai yi daɗi ba. Zane 19 suka tashi a kan fam 427 da sule 7. Zane-zane shida na Tafarkin Karuwa, waɗanda bugunsu ya kawo fiye da fam 1,300, an sayar da su gini 14 kowanne. Takwas na Tafarkin Almubazzari sun tashi gini 22 kowanne. Duka jerin biyu sun ƙare a hannun Wiliyam Beckford, attajirin da ya zama magajin garin Landan daga baya, wanda dukiyarsa ta fito daga gonakin rake na Jamaika da ɗimbin bayi 'yan Afirka ke nomawa. A 1755 gobara ta tashi a gidansa na Fonthill ta cinye zane-zanen Tafarkin Karuwa. Da ba don hotunan bugu ba, da yau ba mu san kamanninsu ba. Abin da aka ba mutum ɗaya ya ƙone, abin da aka rarraba wa jama'a ya tsira.

Hogarth bai daddara ba. A watan Yuni na 1751 ya sake irin wannan gwanjo domin zane shida na Marriage A-la-Mode, watau Auren Yayi, labarin auren kuɗi tsakanin ɗan sarauta matsiyaci da 'yar attajiri. Wannan karo ya hana dillalai tayi. Ranar rufewa mai saye ɗaya ne ya zo, wani mai suna John Lane, ya ɗauki shidan a kan gini 120, alhali katakon da aka yi musu firam da shi kaɗai ya ci gini huɗu kowanne. A 1797 an sayar da waɗannan zane-zane a gidan gwanjo na Christie's a kan gini 1,000, tun 1824 kuma suna cikin kayan Gidan Zane na Ƙasa a Landan. Na Tafarkin Almubazzari ma sun tashi gini 570 a 1802, suka shiga gidan magini Sir John Soane, inda suke har yanzu.

Me ya kawo wannan faɗuwa? Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gwanjo ya san abin da ke ɗaga farashi. Taro ne, da ɗan gwanjo mai zaƙin baki, da kishin ganin abokin hamayya ya ɗaga hannu a gaban jama'a. Hogarth ya cire dukkan waɗannan. Ya kori dillalai, waɗanda su ne suka san masu kuɗi; ya sa manya su zo gidansa su rubuta suna kamar masu neman alfarma; ya kuma sa agogo ya yanke ciniki ko da tayi bai ƙare ba. Masu shirya gwanjon taimako na yau sun koyi wannan darasi sarai, shi ya sa suke haɗa shi da liyafa, su kira sunan mai tayi da ƙarfi kowa ya ji.

Kyaftin Coram da Gidan Reno

Yanzu sai mu juya ga ɗaya ɓangaren labarin. Thomas Coram matuƙin jirgin ruwa ne kuma maƙerin jirage, wanda ya yi shekaru a Amurka kafin ya komo gida. A kan hanyarsa ta shiga Landan da sassafe yakan ga jarirai yashe a bakin titi, wasu da rai, wasu sun mutu. Ya yi shekara 17 yana neman izinin kafa musu gida. Manya suka yi ta ƙi, suna cewa gida irin wannan zai ƙarfafa lalata. Sai da ya bi ta hannun matan manyan sarakai, su 21 suka sa hannu a takardar roƙo, sa'an nan mazan suka biyo baya. Ranar 17 ga Oktoba 1739 Sarki Joji na Biyu ya ba da takardar izini, ranar 25 ga Maris 1741 kuma aka karɓi jarirai na farko.

Hogarth yana cikin amintattun gidan tun daga farko. Shi ya zana hoton da ke saman takardar neman gudummawa, shi ya tsara tambarin gidan. Shi da matarsa ba su sami haihuwa ba, sun kuwa kula da renon wasu daga cikin yaran a Chiswick, inda suke da gida. A 1740 ya zana Coram zaune, cikin girman da a lokacin sarakuna da manyan fada kaɗai ake zanawa, ya ba gidan kyauta.

Buƙata ta fi ƙarfin gidan. Daga 1742 sai aka koma jefa ƙuri'a. Uwa za ta sa hannu cikin jaka ta zaro ƙwallo. Idan fari ne, a karɓi ɗanta in lafiyarsa ƙalau. Idan ja ne, ta jira ko wani zai faɗi gwajin lafiya. Idan baƙi ne, ta ɗauki ɗanta ta tafi. Masu kuɗi sukan zo kallon wannan. Uwayen kuma sukan bar wata 'yar alama, kwabo da aka huda ko ƙyalle ko maɓalli, domin su gane 'ya'yansu idan hali ya samu, tun da ana sake wa kowane jariri suna.

A nan Hogarth ya kawo shawarar da ta sake tarihin zane a Ingila. A lokacin babu wurin da mai zane ɗan ƙasa zai nuna aikinsa ga jama'a. Sai ya jawo abokansa su cika bangon sabon ginin da aikinsu kyauta. Francis Hayman da Joseph Highmore da Richard Wilson sun bayar, haka Thomas Gainsborough tun yana saurayi. Shi kansa Hogarth ya ƙara da zanen Annabi Musa yana yaro a gaban 'yar Fir'auna, a 1746. Gidan reno ya zama wurin da manyan gari ke zuwa kallon zane, su ga yaran, su ajiye gudummawa. Mawaƙin nan Handel shi ma ya shigo. Daga 1750 ana rera babban aikinsa Messiah a majami'ar gidan kowace shekara, kafin rasuwarsa a 1759 kuma abin da aka tara ta wannan hanya ya kusa fam 7,000. Taron da masu zane ke yi a gidan duk shekara yana cikin abubuwan da suka haifar da babban nunin zane na farko a Landan a 1760, daga bisani kuma aka kafa Makarantar Zane ta Sarki a 1768.

Kada mu ɗauka sadaka ce tsantsa. Masu zanen sun sami talla, manya sun sami suna, gida ya sami kuɗi. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin lura shi ne, buƙatun nan uku sun hau layi ɗaya, shi ya sa tsarin ya ɗore.

Hanya ta Uku: Ƙuri'a

A 1750 Hogarth ya gama wani babban zane na titi, Tafiyar Dakarun Sarki zuwa Finchley. Yana nuna sojoji a mashigar Tottenham Court a 1745, za su fita tare 'yan tawayen da suka taso daga Sikotilan. Ba sahu ba tsari: wannan ya bugu ya faɗi, wancan mata biyu na jayayya a kansa, wani na satar madara, wani na wawurar kayan mai talla. An ruwaito cewa Sarki Joji bai ji daɗin ganin an zana sojojinsa haka ba. Abin da ya tabbata shi ne, da aka buga hoton, Sarkin Furusiya aka sadaukar wa.

Tun da gwanjo ya ba shi kunya, sai ya sake dabara. Ya sa kuɗin hoton bugu sule bakwai da sisi. Wanda ya ƙara sule uku a kai, ya sami lamba a ƙuri'ar da za a jefa, mai rabo ya ɗauki zanen fenti na asali. An tanadi lambobi wajen 2,000, aka sayar da 1,843. Ragowar, su fiye da 150, ya ba gidan renon kyauta. Ranar 30 ga Afrilu 1750 aka jefa ƙuri'a, lambar da ta ci kuwa tana cikin na gidan. A daren nan aka kai musu zanen.

Mu yi lissafi. Sule uku sau 1,843 ya kama fam 276 da 'yan kai. Zane ɗaya ke nan ya kawo fiye da ninki biyu na abin da zane shida na Auren Yayi za su kawo a gwanjo shekara guda bayan haka, ban da kuɗin hotunan bugun kansu. Ƙananan kuɗin mutane da yawa sun rinjayi tayin attajiri guda. Sai dai akwai abin da ke sa mutum ya yi shiru: a gida ɗaya, ƙuri'a ta kawo zane, ƙuri'a kuma ita ke yanke wa jariri hukuncin shiga ko komawa titi.

Hoton Sule Guda

A watan Fabrairu na 1751 ya fitar da hotuna biyu da suka fi dukkan aikinsa shahara: Beer Street da Gin Lane, watau Titin Giya da Lungun Barasa. Tun daga ƙarshen ƙarni na 17 gwamnati ta ƙarfafa dafa barasa daga hatsin gida domin ta kashe kasuwar ta Faransa, abin ya zama annoba, har a wajen 1743 abin da ake dafawa a shekara ya haura galan miliyan 7. A Lungun Barasa, wanda ya sa a unguwar matalauta ta St Giles, ana ganin mace a buge jaririnta na suɓucewa daga hannunta zai faɗa rami, kafinta yana jinginar da zartonsa, mace na jinginar da tukwanenta. Gidaje na rushewa, ba mai ci gaba sai mai karɓar jingina, da mai dafa barasa, da mai akwatin gawa. A Titin Giya kuwa kowa na cikin ƙoshi, gidan mai jingina ne kaɗai ya lalace.

Ya sa kuɗinsu sule guda kowanne domin su yaɗu. Ko da yake sule guda rabin ladan yinin lebura ne, talaka yakan gan su a tagogin shaguna da bangon mashaya. Sun fito ne daidai lokacin da alƙali Henry Fielding, abokinsa, ya wallafa bincikensa kan yawaitar fashi, a cikin shekarar kuma Majalisa ta yi dokar da ta ƙuntata sayar da barasa. Shan ya ragu, amma masana tarihi sun nuna cewa tsadar hatsi, da hana dafa barasa daga hatsi da aka yi a 1757 bayan mummunar kaka, suna da babban hannu a ciki. Akwai kuma abin da hoton ya ɓoye. Ya ɗora laifi a kan kwalba da mai shanta, bai nuna manyan manoma da ke sayar da hatsin ba, ko baitulmalin da ke karɓar haraji.

Da Kuɗi Suka Yi Yawa

Saura darasi ɗaya, shi ne mafi ɗaci. Sunan gidan reno ya kai inda a 1756 Majalisa ta ba shi fam 10,000, bisa sharaɗin ya karɓi duk jaririn da aka kawo. Aka rataye kwando a ƙofa. Ranar farko kaɗai an ajiye 117. Cikin ƙasa da shekara huɗu an karɓi kusan 15,000, daga ko'ina a ƙasar, har wasu suka mai da ɗaukar jarirai zuwa Landan sana'a, da yawa suna mutuwa a hanya. Masu shayarwa ba su isa ba, wurin kwana bai isa ba. Wajen kashi biyu cikin uku na waɗannan yara sun mutu. A 1760 Majalisa ta tsayar da shirin. Tara kuɗi abu ne mai wuya, amma sarrafa su yadda za su ceci rai ya fi wuya, kuma ba a zana wannan a hoto.

Kammalawa

Mu koma ga tambayoyinmu uku. Wa ke biya? Tarihin nan ya nuna cewa masu sule uku-uku sun fi mai gini ɗari amfani, ya kuma nuna cewa kuɗin babban mai saye yana iya fitowa daga gumin bayi. Wa ake nunawa? Talakan titi, wanda ba a nemi izininsa ba, wanda kuma sau da yawa aka nuna shi a matsayin mai jawo wa kansa masifa. Wa ke cin moriya? Mai zane, da mai bayarwa, da yaro, amma rabon yaron ya dogara ne ga abin da aka yi da kuɗin bayan an watse daga taro.

Hogarth ya rasu a 1764. Gidan renon ya bar Landan a 1926, ya daina ajiye yara a 1954, bayan ya reni wajen 25,000. Aikin ya ci gaba a hannun ƙungiyar taimakon yara mai ɗauke da sunan Coram. A 2004 aka buɗe gidan tarihi a dandalin Brunswick, inda aka ajiye zane-zanen tare da alamomin da uwaye suka bari. A 2005 gidan tarihin ya sayi zanen Tafiyar Dakaru daga hannun ƙungiyar a kan fam miliyan 4. Ragowar lambobin da ba su sami mai saye ba a 1750, su ne suka kawo wa aikin yara wannan kuɗi bayan shekara 255.

Shawarata ga ɗalibanmu ita ce, duk ranar da aka gayyace ku taron gwanjo ko na gidauniya, ku dubi hoton da kyau, sa'an nan ku nemi ganin littafin lissafi.